Goron Gwanja da Tangaɗin Duniya

Ba a banza kasuwar goro ta zauna a Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, ba. Itacen goro ɗan kurmi ne, yana son inuwa da laima da ruwan sama na wata da watanni, abin da ƙasar Asante take da shi, ƙasar Hausa kuwa babu. Jaki kuma, wanda a bayansa fatauci ya dogara, ba ya ƙarko a kurmi, ƙudan tsando ke kashe shi. Sarakunan Asante su ma ba su so baƙi su kutsa har gindin bishiya su ga inda ake tsinko dukiyar ba. Sai aka haɗu a tsakiya. Tonawa, wato mutanen Asante, su ɗauko goro a ka su hauro arewa. Ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su taso daga Kano da Katsina, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi, su sauke kanwa da tufafi da fatu, su ɗaure huhu su juya. Wata hanyar ta ƙasar Mosi ce, mai gangarowa ta Bawku da Gambaga. Ba kaya kaɗai aka sayar a kasuwar nan ba, har da mutane, ga wurin da ake kira Wankan Bayi nan yana ba da shaida. Tarihin Kano ya kai buɗe hanyar Gwanja zamanin Sarki Abdullahi Burja, tsakiyar ƙarni na 15. Salaga ta yi tashenta a ƙarni na 19, ta fara dusashewa bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa jama'arta, malamai irin su Alhaji Umaru suka koma Kete-Krachi.

Duk wannan tarihi a kan abu guda ya tsaya: kurmi yana kudu, fili yana arewa, iyaka na tsakani. Masu ba da labarin fatake kan ɗauki wannan iyaka tamkar tun fil'azal take nan. Alhali tafiya take yi. An yi zamanin da ciyawa ce ke kaɗawa a inda Kumasi take yau, an kuma yi zamanin da dorina ke nitso a tsakiyar hamadar Tenere. Shaidar tana cikin laka da duwatsu, dalilin kuwa yana sama, a yadda duniya ke kewaya rana.

Motsi uku ne. Na farko karkata. Duniya a gicciye take juyawa, karkatar ta kai digiri 23 da 'yan kai, ita ce ma ke kawo damina da rani. Wannan karkata takan ƙaru ta ragu tsakanin digiri 22.1 da 24.5, zuwa da dawowa cikin shekara 41,000. Malaman falaki na Musulunci sun auna ta tun da daɗewa. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya samu digiri 23 da minti 35 a Raqqa. Ulugh Beg a Samarkand, cikin ƙarni na 15, ya samu digiri 23 da minti 30. Yau tana digiri 23 da minti 26. Bambancin ba kuskuren magabata ba ne, karkatar ce ke raguwa a hankali.

Na biyu siffar hanya. Hanyar da duniya ke bi ba da'ira ce cikakkiya ba, ta ɗan miƙe, shi ya sa a farkon Janairu tsakaninmu da rana kilomita miliyan 147 ne, a farkon Yuli kuma miliyan 152. Jan da sauran duniyoyi ke yi mata, musamman Mushtari, wadda 'yan boko suka fi sani da Jupiter, da Zuhra, wato Zara matar wata, shi ke sa hanyar ta ƙara miƙewa ko ta koma kusan da'ira, a zagaye na kimanin shekara 100,000 da wani babba na shekara 405,000.

Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu, wato tangaɗi. Duk wanda ya taɓa murza katantanwa yana yaro ya san yadda take: jikinta na juyawa da sauri, kanta kuma na yin wani layi a hankali yana zana da'ira a iska. Haka duniya take yi, sai dai layinta guda na cin kusan shekara 26,000. Al-Battani ya ƙiyasta gocewar taurari da digiri ɗaya a shekara 66, lissafin yau ya ce kusan 72. Idan aka haɗa wannan da juyawar ita hanyar kanta, sai watan da duniya ta fi kusantar rana ya riƙa zagaya kalanda cikin kimanin shekara 21,000. A zamaninmu kusancin na faɗowa tsakiyar hunturu. Shekara 11,000 da suka wuce a tsakiyar damina yake faɗowa.

Tunanin cewa waɗannan motsi na iya juya yanayi ya fi shekara 150. James Croll, ɗan Scotland wanda aikin gadi da shara yake yi a wani gidan tarihi a Glasgow yana karanta littattafan wurin, ya rubuta a kai a 1864. Wanda ya zauna ya yi lissafin dalla-dalla shi ne Milutin Milankovitch, injiniya ɗan Sabiya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rutsa da shi a 1914, aka tsare shi, daga baya aka bar shi yana aiki a wani ɗakin karatu a Budapest. Da alƙalami da takarda ya ƙididdige hasken ranar da kowane sashe na duniya ya samu a dubban ɗaruruwan shekaru, babban littafinsa ya fito a 1941. Ya rasu a 1958 masana da yawa na ganin lissafin nasa wasan ƙwaƙwalwa ne kawai. Sai a Disamba 1976 James Hays da John Imbrie da Nicholas Shackleton suka fitar da sakamakon lakar da aka zaƙulo daga ƙasan kudancin tekun Indiya, wadda ta taru cikin shekara 450,000. Suka auna ɓawon ƙananan halittun ruwa da ke cikinta hawa-hawa, sai ga sanyi da ɗumi na maimaituwa a shekara 100,000, da kusan 42,000, da 23,000, da 19,000. Lambobin da masu duban sama suka lissafa, su ne suka fito daga taɓo.

Su duk ƙanƙarar Turai da Amurka ta dame su. Mu namu ruwan sama ne, wanda ya kawo zancen gida kuwa John Kutzbach ne na jami'ar Wisconsin, a 1981. Ya sa wa kwamfuta yanayin shekara 9,000 da suka wuce, lokacin da hasken rana a watannin damina ya fi na yau da kusan kashi 7 cikin ɗari a arewacin duniya. Kowane manomi ya san zafin bazara ke jawo hadari. Ƙasa ta fi teku saurin ɗaukar zafi, iska mai zafi ta tashi sama daga Sahara, iskar teku mai laima ta kwararo daga kudu ta cike gurbin. Idan rana ta ƙara ƙarfi a daidai wannan lokaci, iskar daminar sai ta ƙara nisa arewa, ta ƙara nauyi. Ciyawa ta tsiro, tafkuna su cika, su ma su ƙara jawo ruwan.

Tafkin da ba shi da mafita

Ghana na da wurin da ba kowace ƙasa ke da irinsa ba wajen gwada wannan magana. Kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi akwai tafkin Bosomtwe, a cikin wani rami zagayayye mai faɗin kilomita 10.5. Wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya shekara miliyan 1.07 da suka wuce ya fasa wurin. Mutanen Asante suna girmama tafkin, masuntansa a kan gungumen katako da suke kira padua suke hawa, suna tuƙi da hannu. R. S. Rattray, Baturen nan da ya buga tatsuniyoyin Hausa na Malam Shaihu a 1913, ya ba shi babi guda a littafinsa kan Asante na 1923.

Abin da ya sa masana suka ƙwallafa rai a kansa abu biyu ne. Babu kogin da ke fita daga cikinsa, don haka cikarsa da ƙafewarsa na bin ruwan sama da zafin rana kai tsaye. Sannan zurfinsa ya haura mita 70, can ƙasa babu iskar shaƙa, babu tsutsa ko kifin da zai dama lakar. Abin da ya kwanta bana yana nan a kan na bara, ba mai taɓa shi. A 2004 wata ƙungiyar haƙa ta ƙasa da ƙasa ta kafa injin a kan dandamali mai yawo a ruwa, da masana irin su Christian Koeberl na Vienna da Jonathan Overpeck da Christopher Scholz na Amurka, tare da hukumar binciken ƙasa ta Ghana da jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi. Suka ciro laka mai tsawon sama da mita 1,800 in an haɗa ramukan duka. Ramin laka mafi zurfi ya ratsa mita 294 na laka kafin ya taɓa farfasasshen dutsen da faɗowar ta bari. Raba wannan da shekarun, za ka ga lakar da ke taruwa a shekara ba ta kai sulusin milimita ba a matsakaici.

Aikin da ke biyo baya na masu haƙuri ne. Lakar na fitowa cikin bututun roba, a yanka shi gunduwa-gunduwa, a tsaga kowace gunduwa biyu a tsaye. Rabi a ajiye a ɗakin sanyi ba a taɓawa, rabi a yi aiki da shi. In an kankare fuskar da wuƙa sai siraran layuka su bayyana, mai haske da mai duhu, mai haske da mai duhu, a wasu sassan kowane biyu shekara guda ke nan, ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Sai a ɗebi ɗan mitsitsi, a dafa shi da sinadarai har yashi da laka su narke, abin da ya rage a shafa a gilashi a sa a madubin ƙara girma. Ƙurar furanni ce ke ragewa, don ɓawonta ba ya ruɓewa. Ta ciyawa a mulmule take da ƙofa guda, ta itatuwan kurmi kowace da siffarta. Mai bincike zai ƙirga ɗaruruwa a kowane samfur, ya ƙirga ɓurɓushin gawayi ma, wanda ke nuna gobarar daji, ya matsa ƙasa kaɗan ya sake.

Charlotte Miller da William Gosling sun bi wannan hanya har shekara 520,000 baya, suka fitar da sakamako a 2014. Kurmi ya kafu a bakin tafkin ya watse, ya sake kafuwa ya sake watsewa. Lokutan da ƙanƙara ta janye daga arewacin duniya, kurmi ne. Lokutan da ta dawo, ciyawa da gobara, irin ƙasar da matafiyi ke gani yau tsakanin Yendi da Bawku. Tun da kuwa zamunan ƙanƙara sun fi na ɗumi tsawo a wannan tsakani, kurmin Asante da ya ciyar da kasuwar Salaga baƙo ne mai zuwa yana komawa. Akwai ma lokacin, sama da shekara 70,000 da suka wuce, da tafkin ya kusa ƙafewa ƙaf, daidai zamanin da tafkin Malawi shi ma ya tsotse. Akwai kuma lokacin da ya cika ya haura inda yake yau da kusan mita 110, har ya tumbatsa ta bakin ramin. Wannan ya faru ne a zamanin da lissafin Kutzbach ya ce damina ta yi ƙarfi.

Arewa ma ta ajiye nata shaidu, kuma da yawa muna taka su kullum. Jigayin rairayin da suka miƙe daga gabashin Kano ta Haɗeja zuwa Borno, waɗanda ake noma gero da gyaɗa a kansu, tudun hamada ne na gaske da suka daina tafiya. A. T. Grove ya bayyana su a 1958. Iska ce ta jera su lokacin da Sahara ta gangaro ɗaruruwan kilomita kudu da inda take. Da ruwa ya dawo, tafkin Chadi ya bazu ya kai murabba'in kilomita 350,000, tudun da ya ratsa Maiduguri da Bama gaɓarsa ce. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, aka auna aka ga ya kai shekara 8,000. A Gobero ta Nijar, cikin Tenere, an tono kaburbura tare da ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina. Hazon da ke fasa leɓe a Bawku cikin Janairu, kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, busasshen gindin wancan tafki.

Da kusancin rana ya goce daga damina, ruwa ya fara janyewa, daga arewa ya fara. Sahara ta bushe wajen shekara 5,000 da suka wuce, Bosomtwe bai sauka sosai ba sai wajen 3,000. A wannan tsakani ne aka ga sababbin mazauna a arewacin Ghana. A Ntereso, ƙasar Gwanja, Oliver Davies ya tono ƙugiyoyin ƙashi da kan kibau masu kama da na Sahara. A Birimi, kusa da tsaunin Gambaga, an samu ƙwayoyin gero na noma masu kimanin shekara 3,500, cikin mafiya daɗewa a wannan yanki. Masana na jayayya kan ko baƙi ne suka gudo daga fari, ko 'yan ƙasa ne suka karɓi sabuwar sana'a daga maƙwabta. Ko wanne ne, geron da Bakusashe na ƙasar Bawku ke shukawa yau ya iso nan ne a bayan janyewar wancan ruwa.

Wannan ba sau ɗaya ya faru ba. A gaɓar tsibirin Sisili na Italiya akwai farin tsauni mai ratsi-ratsi, kowane zubi kusan mita guda, kowanne kimanin shekara 21,000. Martine Rossignol-Strick ta nuna a farkon shekarun 1980 cewa baƙaƙen shimfiɗun da ke ƙasan Bahar Rum daminar Afirka ce ta haife su: ruwa ya yi yawa a Habasha, Nilu ya yi ambaliya, ruwan daɗi ya rufe saman teku, na ƙasa ya rasa iska, matattun halittu suka taru ba su ruɓe ba. Frits Hilgen na Holland ya jera ratsin Sisili da lissafin falaki ɗaya bayan ɗaya. Da irin wannan ƙirga aka gano Sahara ta yi kore fiye da sau 200 cikin shekara miliyan 8.

A nan sai an yi hattara, don na sha jin masu cewa tun da duniya ce ke tangaɗi, to canjin yanayin yau ma shi ne. Lissafin bai ba su gaskiya ba. Abin da ke cin shekara 21,000 ba ya sauya damina tsakanin kaka da jika. Farin da ya kai ga yunwa da gobarar 1983 a Ghana ba daga falaki ya zo ba. Lakar Bosomtwe ɗin ma ta nuna wani abin da ya fi wannan tayar da hankali. Timothy Shanahan da abokansa sun nuna a 2009 cewa fari na shekara 30 zuwa 40 abu ne da ya saba dawowa a Afirka ta Yamma, yana bin ɗumi da sanyin tekun Atlantika, kuma an yi wanda ya daɗe daga wajen 1400 zuwa 1750. Kututturan itatuwan da suka tsiro a inda ruwa ya janye a lokacin suna nan tsaye cikin tafkin. Ke nan hanyar Gwanja a cikin dogon fari aka buɗe ta.

Abin da ke ƙarƙashin Yendi

Shekara miliyan guda ta Bosomtwe jiya-jiya ce in aka dubi dutsen da Salaga da Yendi da Bawku ke zaune a kai. Mai haƙa rijiya a Salaga ko Yendi ya san jerin: baƙar ƙasa, sai marmara, sai wani dutsen laka mai ɓarewa falle-falle wanda ba ya sakin ruwa. Shi ya sa rijiyar burtsatse kan fito a bushe a yankin, ruwa kuma ya daɗe yana wahalar da Salaga duk da yawan rijiyoyinta. Wannan dutse na cikin kwarin Volta, shimfiɗaɗɗun duwatsun da suka rufe kusan kashi 40 cikin ɗari na Ghana. N. R. Junner da T. Hirst sun rubuta bayaninsu a 1946, masanan Tarayyar Sobiyet kuma suka yi haƙa mai zurfi a cikinsu a zamanin Nkrumah. Bawku tana wajen kwarin, a kan daskararren dutse mai shekara sama da biliyan 2. In ka bar ta ka yi kudu, motar za ta fara nishi a hawan Nakpanduri. Katangar da ke gefenka dutsen yashi ne hawa-hawa mai kusan shekara biliyan guda, a wasu fuskokinsa har tambarin igiyar ruwa ana gani.

A samansa akwai abin mamaki: tarkacen da ƙanƙara mai tafiya ta kwashe ta zubar, duwatsu manya da ƙanana a cakuɗe cikin laka. Kai tsaye a kansa sai farin dutsen da ake haƙa a Buipe ana yin siminti. Masana na danganta su da shekara miliyan 635 da suka wuce, ƙarshen zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe kusan duniya duka.

A duwatsu masu irin wannan shekaru aikin juyawa yake yi. A Bosomtwe falaki aka sani, aka je ana neman sawunsa a laka. A can baya kuwa falakin ne ba a sani ba. Jacques Laskar na Paris ya nuna a 1989 cewa tafiyar duniyoyin da ke kusa da rana tana da wani hargitsi: ɗan kuskure ƙanƙane a ma'aunin yau yakan ninka kansa sau goma a kowace shekara miliyan 10 ko makamancin haka. Bayan shekara miliyan 60, komai ƙarfin kwamfuta, lissafi ya ɓace. Daga nan sai dutse.

Paul Olsen da Dennis Kent sun haƙo kusan mita 6,700 na lakar tsoffin tafkuna a kwarin Newark na Amurka tsakanin 1990 da 1993. Lokacin da tafkunan ke cika suna ƙafewa, sama da shekara miliyan 200 baya, wannan yanki manne yake da arewa maso yammacin Afirka, babu Atlantika. Baƙin dutse na zurfin ruwa, jan dutse mai tsagewar fari, haka suke bin juna. A 2018 aka gwada su da wasu duwatsun Arizona masu ɗauke da ƙwayoyin zircon, waɗanda ake sanin shekarunsu ta yadda yuraniyom ke rikiɗa dalma. Aka tabbatar zagayen shekara 405,000 bai sauya ba tun shekara miliyan 215, saboda nauyin Mushtari ya fi ƙarfin a girgiza ta. Amma wani zagayen, na tsakanin duniyarmu da Mars, wanda yau yake shekara miliyan 2.4, a lokacin miliyan 1.75 ne. Hargitsin da Laskar ya hango a lissafi, ga shi a jikin dutse.

Da aka samu ma'aunin da ba ya motsi, sai aka auna masu motsi da shi. Saurin tangaɗin duniya ya danganta da kusancin wata da saurin juyawarta. Wata kuwa nisa yake ƙarawa, santimita 3.8 a shekara, an auna da madubin da 'yan sama jannatin Apollo suka bari a kansa. In ka ƙirga ƙananan shimfiɗu nawa ke cikin babba guda, ka san tsawon tangaɗin wancan zamani, daga nan ka fitar da nisan wata da tsawon yini. A Karijini ta yammacin Ostireliya, Margriet Lantink da abokanta sun samu duwatsun ƙarfe masu shekara biliyan 2.46, ƙananan ratsi na santimita 10 cikin manya na santimita 85. Tangaɗin shekara 11,000 ne a lokacin, wata na nesa da kilomita 321,800 maimakon 384,400 na yau, dare da rana duka awa 17 ba kaɗan. Wannan ya ɗan girmi dutsen Bawku. A duwatsun Xiamaling na Sin masu shekara biliyan 1.4, Stephen Meyers da Alberto Malinverno sun samu awa 18.7.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na George Williams a kudancin Ostireliya, don duwatsunsa tsaran tarkacen ƙanƙarar da ke ƙarƙashin farin dutsen Buipe ne. Da farko ya ɗauka siraran layukan shekaru ne masu bin tabon rana, daga baya ya gane cikowa da janyewar teku ce ta kullum, ya janye maganarsa ta farko. Da ya sake ƙirgawa sai ya samu shekara mai kwana 400, kowane kwana awa 21.9. A ƙarƙashin irin wannan rana mai saurin faɗuwa lakar da ta zama dutsen Yendi ta fara kwanciya.

Kwarin Volta na da kauri na kilomitoci, shimfiɗunsa a wurare da yawa kwance suke yadda aka zuba su, ba su naɗe ba, zafi bai dafa su ba. Irin dutsen da masu wannan bincike ke nema ke nan. A 'yan shekarun nan kamfanin mai na ƙasa, GNPC, ya yi awon ƙarƙashin ƙasa a kwarin yana neman fetur, neman mai kuwa ba ya yiwuwa sai da haƙa mai zurfi. A ganina ko an samu man ko ba a samu ba, sandunan dutsen da za a ciro dukiya ce, muddin an ciro su a jere, an rubuta zurfin kowanne, an adana su inda ruwa da rana ba za su ci su ba. Lakar Bosomtwe a ɗakin sanyi a Amurka take, ɗalibin Kumasi da ke son ganin ta sai ya nemi biza. Dutse ba ya bukatar firiji, rumfa mai kyau da akwatuna da mai rajista sun isa, kuma jami'ar nazarin ci gaba da ke Tamale, wadda aka kafa a 1992, a kan kwarin take zaune.